Harsashin da Maidaji Ya Ɗura da Hannunsa

Sunansa na yanka Tankari. Maidaji kuwa shi ya raɗa wa kansa, don a Kano ba wanda ya taɓa kiransa haka sai da muka sauka Guangzhou, inda yake ganin ba mai ƙaryata shi. Ni Munkaila, shagona na kallon nasa a kasuwar Kwari shekara da shekaru, kuma dajin da na san ya taɓa shiga bai wuce na bayan tashar mota ba, ranar da ciki ya murɗa masa. Amma jirgi na ajiye mu a ƙasar Sin a ƙarshen 1998, sai ga mutumin ya zama maharbin da barewa ke jin sunansa ta faɗi sumammiya.

Mu uku muka haɗa kwantena ɗaya. Ni da shadda, Tankari da mayafai, sai Hajiya Sabuwa 'yar Maraɗi da kayan yara na Sallah. Ita ce mai kaso mafi yawa, don filinta ta sayar ta zubo a wannan tafiya. Jirgin ruwa guda ne zai kai kaya Kwatano a kan lokaci. In ya tashi ba kwantenarmu, to kayan Sallah sai bayan Sallah, kuma duk ɗan kasuwa ya san abin da wannan ke nufi. Mai yi mana takardun jirgi da tafinta shi ne Malam Isufu, mutumin Yamai da ya yi karatu a Sin ya zauna. Mutumin kirki ne, sai dai aibinsa ɗaya: duk abin da ka faɗa sai ya fassara, ko da zai kai ka kurkuku.

Kullum da rana muna haɗuwa a wani shagon taliya na Musulmin Sin a Sanyuanli, kusa da masaukinmu. A nan Tankari ke buɗe makaranta, ba tare da kowa ya nemi shiga ba.

"Harsashi iri-iri ne, Munkaila," in ji shi, yana nuna ni da tsinken cin taliya. "Akwai mai tsinin baki, wannan na yara ne. Ya shiga ya fita, barewa ta tafi tana maka dariya. Akwai mai nauyi, mai dakusasshen baki. Wannan in ya sauka, barewa ba ta ma sanin ta mutu sai an gaya mata. Ni ba na harbi da na kanti. Da hannuna nake ɗurawa, in auna albarushi, in zaɓi kai, in matse. Bindigata kuwa, bakinta ɗan akuya zai shiga ya juyo."

Na ce, "Ina bindigar take?"

"Tana wurin gyara."

"Tun yaushe?"

Hajiya Sabuwa ba ta ko ɗago kai daga kwanonta ba ta ce, "Tun ran da aka haihe shi."

Tankari ya yi kamar bai ji ba. Ya zura hannu cikin riga ya zaro abin da yake ratayawa a wuya: wani ƙaton harsashi na tagulla, tsoho, ya lotsa a gefe, an huda gindinsa an zura igiyar fata. Ya ce gadon kakansa ne, da irinsa aka kada ɓauna a dajin Falgore. Sannan ya sassauta murya ya fito da shirin. Tunda 'yan Sin in ka ba su samfur ko na mene ne za su buga maka irinsa sak, to zai ba su wannan su buga masa dubbai. Ya ɗura da hannunsa, ya kai gida, maharban Arewa su yi layi a ƙofarsa.

Hajiya ta ajiye cokali. "Alhaji Tankari, ka jiya da kyau. Wanga shirme naka, ko inuwarshi ba ta shiga kwantenata."

"Haba Hajiya, wa ya ce miki a kwantena zan sa? Maharbi yana da hanyoyinsa."

Washegari ya ja ni da Isufu zuwa wata 'yar masana'antar tagulla a Panyu, inda ake buga maɓallai da kan bel. Mai wurin, wani gajere mai fara'a da ake kira Lawban Chen, ya karɓi samfurin ya jujjuya. Tankari ya zuba jawabi a kan barewa da albarushi, Isufu ya fassara kalma bayan kalma. Fara'ar Lawban ta ɗauke. Ya girgiza kai ya ce, "Meyo, meyo." Babu ke nan. Isufu ya ce mutumin na cewa harsashi a ƙasar nan hanyar kurkuku ce, shi ba ya yi, bai san mai yi ba.

Sai Lawban ya shiga ciki da samfurin. Can muka ji dariya ta tashi a cikin ma'aikata. Ya fito yana share ido, ya ce harsashi dai babu, amma wannan abin da aka ba shi, zai buga irinsa sak.

Tankari ya taka min ƙafa ya kashe ido. "Ka ga gogaggen ɗan kasuwa? Ba ya faɗa a fili."

Na ce, "Mutumin nan fa cewa ya yi ba harsashi ba ne."

"Kai dai shadda ka sani."

Da aka gama ciniki, Lawban ya ce tunda baƙonsa maharbin barewa ne, dole ya girmama shi. Ya ɗebe mu a mota zuwa wani gidan abinci a bayan gari, inda ake kiwon barewa a cikin shinge saboda ƙahonsu. Ya ce ya san Musulmi ba sa cin yankan kowa, don haka maharbi ya zaɓi guda ya yanka da kansa. Ni kam har yawuna ya tsinke, don tun da muka zo rabona da nama mai suna nama. Aka miƙa wa Tankari wuƙa, aka buɗe masa ƙofar shinge.

Ya shiga da ƙafar dama yana gyaran murya. Wata barewa mai ɗigo-ɗigo ta ɗago kai, ta tako a hankali, ta kama hannun babbar rigarsa ta fara tauna. Ban san Tankari yana da tsalle haka ba. Kafin ka ce me, yana kan kwamin ruwansu, wuƙa ta faɗi, hula ta faɗi, barewa na biye da shi tana jan riga.

"Munkaila! Kore ta! Kore ta mana!"

"Ai na ɗauka in ta ji sunanka suma take yi. Gaya mata sunanka."

Wata tsohuwa mai ba su ciyawa ce ta zo ta ja ta da kunne. Tankari ya sauko yana kakkaɓe riga, ya ce wa Isufu ya gaya wa Lawban cewa dabbar ta gane shi, afuwa ta zo nema, kuma shi maharbi ne ba mahauci ba, ba ya kashe abin da ya matso kusa. Isufu ya fassara. A ranar shinkafa da ganye muka ci, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Bayan 'yan kwanaki kwalaye suka iso masauki, tare da samfurin da Tankari ya mayar wuyansa, suka cika ɗakinmu har bakin gado. Muka buɗe ɗaya. Gaskiya 'yan Sin ba su ci amana ba. An ce sak, sun yi sak. Kowane ɗaya da lotsawarsa a gefe, da hudarsa a gindi, da igiyarsa. Na ɗauki guda na ja kan, sai ya zare sumul, ga wani ɗan siririn tsinke na tagulla manne a ƙarƙashinsa.

Na ce, "Wannan tsinken fa?"

Tankari ya fizge. "Sirrin ke nan. Shi ke shiga ya nemo zuciyar barewa."

Hajiya Sabuwa tana tsaye a bakin ƙofa. Ta kalli tsinken, ta kalli Tankari, ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Hmm," ta wuce ɗakinta.

Saura albarushi. Tankari ya zagaye kasuwannin Sanyuanli yana tambaya da hannu da baki, yana cewa "bum, bum", kowa na ce masa meyo, wasu na rufe shago. Sai ya dawo ya ce dama na kanti ba shi da ƙarfi, zai haɗa na kakansa. Ya samo gawayi wurin mai gashin masara, ya kwance ƙullin kanwar da ya zo da ita daga gida saboda ciwon ciki, ya ɗebi busasshen barkono cikin tanadin Hajiya, don a cewarsa zafin harsashi daga barkono yake. Ya daka a turmin aro. Ya ɗaura rawani a hanci, ya zauna da cokalin shayi yana aunawa yana ɗurawa, yana ƙwanƙwasawa a kunne kamar mai zaɓen kankana. Duk wanda ya ɗura sai ya ɗaura masa jan zare, kada ya ɓata cikin marasa ɗuri.

"Malam Tankari, wannan da ka ƙara gishiri ai yajin tsire ne."

"Jahilci dai ba kyau, Munkaila. Matsa ka ga gwaji."

Ya kunna murhun lantarkin da muke dafa shayi, ya bari ya yi ja, ya ce kowa ya toshe kunne, ya watsa cokali biyu a kai. Ba ƙara, ba walƙiya. Sai wani hayaƙi ya tashi a hankali, ya shiga hancina ya fito ta ido. Na yi waje ina tari. Hayaƙin ya bi ni baranda, ya shiga ɗaki-ɗaki. 'Yan Mali suka fito, 'yan Gana suka fito, wani Balarabe ya fito da kumfar sabulu a ka. Kowa atishawa, kowa zagi da harshen garinsu. Mai masaukin, wata mata mai muryar da ta fi jikinta, ta hauro da tsintsiya tana ihu. Isufu, yana hawaye, ya tsaya yana fassara mana zagin ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya shafi iyaye.

Tankari ne ya fito ƙarshe, ido jajir. Ya ce, "Kun gani? A fili ma ya kori bene guda. Ina ga in an matse shi a kwanson harsashi?"

Hajiya ta sake ja masa kunne a kan kwantena, ya rantse har da dafa ƙirji. Ranar lodi kuwa sai na ga kwalayen mayafansa sun yi yawa, wasu an rubuta musu maɓallai, kuma 'yan dako na nishi in sun ɗauka. Na tambaye shi, ya ce maɓallan Sin nauyi gare su.

Ana gobe jirgi zai tashi, da hantsi, Isufu ya shigo masauki ba ko sallama. Ya ce kwastan sun buɗe kwantena, ana neman masu kaya duka, kowa da fasfonsa.

A tashar jirgin ruwa muka tarar da kwantenarmu a buɗe, 'yan sanda biyu a tsaye, 'yan dako da direbobi sun yi da'ira, har da wasu 'yan kasuwarmu da suka zo nasu lodin. A kan tebur ga kwali a buɗe, tagulla na ƙyalli a rana. Aka karɓe fasfo ɗinmu. Hajiya Sabuwa kuwa leɓenta ke motsi tana addu'a.

Babban jami'in, wani dattijo mai tabarau, ya ɗauki guda ya jujjuya. Ya ga huda, ya ga igiya. Ya ɗauki wani, ya ga lotsawar a wuri ɗaya. Sai ya fara murmushi, ya ce wani abu, 'yan sandan suka yi dariya. Isufu ya ce, "Bon, alhamdu lillahi. Ya ce abin wasan yara ne, a rufe kwantena."

Na sauke ajiyar zuciya. Da a nan aka tsaya, da an gama lafiya. Amma an yi dariya, kuma a gaban jama'a.

"Abin wasa?" in ji Tankari. "Wa yake ce wa abin wasa? Gaya masa da irin wannan aka kada ɓauna! Gaya masa ni na ɗura da hannuna, albarushin da ya kori bene guda!"

Na taka ƙafar Isufu har sai da na ji ƙashi. Ya kalle ni cikin tausayi ya ce, "Ni tafinta ne, Malam Munkaila, ba lauya ba." Ya fassara duka, har ɓaunar.

Murmushin jami'in ya tafi. Ya sa hannu ya zaro mai jan zare, ya ja kan, ya karkata a tafin hannu. Baƙin gari ya zubo. 'Yan sandan suka gyara tsayuwa. Ya ce za a kai garin a auna, kwantena za ta zauna har sakamako ya fito, mai ɗurin kuma zai jira a wurinsu. Isufu ya tambayi kwana nawa, aka ce sai an gani.

A nan Hajiya Sabuwa ta tako. Ta ɗauki kan harsashin ta ɗaga tsinken sama yadda kowa zai gani.

"Isufu, hwaɗa mishi wanga ba harsashi ba ne. Tandun kwalli ne. Ga tsinken da mata ke zizarawa a ido. Kowace tsohuwa a garinmu ta san shi." Ta juya. "Alhaji Tankari, na wa ne?"

Tankari ya kalli 'yan sanda, ya kalli jama'a, ya kalli ƙasa.

"Na kakana..."

"Hilina na saida, Alhaji. Kayan 'ya'yan mutane na cikin kwantenar ga. Na wa ne?"

"Na kakata ne," ya ce, murya can ƙasa. "Iya Hasiya. A bayan barikin soja ta tsinci kwanson, maƙeri ya sa masa kai da tsinke."

Jami'in ya tambaya ko ya taɓa harba bindiga. Tankari ya ce bai taɓa ba. Isufu ya fassara. Hajiya ta ce, "Sake hwaɗi, Isufu, na baya ba su jiya ba."

Jami'in ya ce to, in kwalli ne abin ai mai sauƙi ne, mai kaya ya sa a gani. Tankari ya yi wuf ya kai hannu wuyansa, wurin na kakarsa mai kwallin gaskiya. Jami'in ya girgiza kai, ya tura masa mai jan zaren.

Ni na san abin da ke ciki. Hajiya ta sani, don barkononta ne. Tankari ya fi kowa sani. Ya riƙe tsinken, ya dube ni kamar zan cece shi.

Na ce, "Bismillah, Maidaji. Da hannunka ka ɗura."

Ya tsoma, ya rufe ido ɗaya, ya zizara a ɗayan. Da farko kamar ba komai. Sai ƙafarsa ta dama ta fara dukan ƙasa ita kaɗai. Hawaye ya ɓalle, baƙi, ya gangaro har gemu. Bai yi ihu ba, wannan kam na ba shi. Wani sauti kawai yake fitarwa ta hanci.

Hajiya ta ce, "Ba a sa kwalli a ido guda. Za su ce ƙarya mukai."

Ya sa a na biyun.

Jami'in ya matso yana kallo, ya tambaya me ya sa yake kuka. Tankari, ido a rufe, majina na zuba, ya ce, "Gaya masa mai kyau haka yake. Wanke ido yake yi." Isufu ya fassara. Dattijon ya gyaɗa kai cikin gamsuwa, ya ce ko za a ba shi wannan ɗin ya kai wa matarsa.

"A'a!" Mu uku muka faɗa tare, har da mai kukan. Hajiya ta tona ƙasan kwali ta ba shi guda biyu marasa ɗuri, ta ce kyauta ce.

Aka buga hatimi, aka maido mana fasfo, aka rufe kwantena. Washegari jirgi ya tashi da kayanmu. Ni na ja Tankari da hannu har masauki, kuma a hanya bai yi mini lacca ko ɗaya ba.

Kwalayen kuwa Hajiya Sabuwa ta riƙe su, ta ce ladan tashin hankalinta ne, kuma ba wanda ya yi musu. Ta wanke masu jan zare, ta cika duka da kwalli, ta baza a kasuwar Maraɗi ana saura mako Sallah. Kafin a sauko daga idi babu ko ɗaya.

Da muka koma Kwari, Tankari ya ce wa maƙwabta jan idon nan hayaƙin bindiga ne a dazukan Sin. Ba sai na ƙaryata shi ba. Kayan sun riga sun tsallako iyaka da sunansu. Sunan da ya yi ta nema a ƙarshe ya kama, har ya fi yadda yake so. Yau ko a ƙofar shagonsa mace ta tsayar da mai tallan kayan kwalliya, sai ka ji ta ce, "Ba ni maidaji guda biyu, masu tsinke."